Jinyar Baban Hanifa da Ciwon Gadon da Aka Ɓoye Mana

Assalamu alaikum. Sunana Asma'u, a unguwarmu ta Ɗan Iya an fi sanina da Maman Hanifa. Ban jima da fita takaba ba. Mijina, Malam Bashir, ya rasu yana da shekara arba'in da huɗu, bayan jinyar da ta fara cinye masa ƙafa kafin ta kai ga zuciya. Na rubuta wannan ne don duk mai irin alamomin da zan faɗa ya je a duba shi tun yana tafiya da ƙafafunsa biyu. Ba da sanyin zuciya na rubuta ba. Akwai waɗanda zan gode wa har in mutu, akwai kuma waɗanda in na ji muryarsu abinci yake fita raina.

Malam malamin wasanni ne a wata sakandare, ranakun Asabar da Lahadi kuma yana alƙalancin ƙwallon unguwanni. Siriri ne, bai taɓa ajiye tumbi ba. Ba ya shan taba, ko goro ba ya ci. In ana hirar masu hawan jini da ciwon suga dariya yake yi, ya ce shi gudu ne maganinsa. Abu ɗaya ne a jikinsa da ya bambanta da na mutane: wasu ƙullutai masu tauri a agararsa, sama da diddige, da ƙanana a gaɓoɓin yatsun hannu. Ba sa yi masa ciwo, sai dai su hana shi sa wani takalmin. A gidansu da ke Ƙofar Dumi ana kiransu tambarin gida, domin mahaifinsu yana da su, babban yayansu Alhaji Sani yana da su, haka ƙaninsu Kabiru. In yaro ya taso da su har tsokana ake yi, a ce wannan ba a yi musanyensa a asibiti ba. Mahaifin nasu ya faɗi ne a shagonsa na dukanci bai kai hamsin ba. Ƙanin mahaifin ma haka. Abin da aka ce, gidan ba su da tsawon kwana.

Da farkon damina abin ya fara. Ya dawo daga wasa yana ɗingishi, ya ce sharaɓarsa ta hagu ta ɗaure ana tsakiyar wasa, har ya tsaya ya dafa gwiwa 'yan kallo suna yi masa ihu. Da ya huta kaɗan sai ta sake shi. Mako na gaba haka, wanda ya biyo baya ma haka, sai dai kullum nisan da yake iya gudu yana raguwa. Kafin wata ya cika, zuwa masallacin unguwa ma sai ya tsaya a hanya, yana yi kamar yana duba waya don kada a gane.

Mai kemis ya ce sanyi ne, ya ba shi maganin kashe zafi da man shafawa. Gwaggonsu ta aiko da saiwoyi a jiƙa. Wani abokin aikinsa ya ce tafarnuwa da zuma. Ni kaina na yi ta gasa masa ƙafar da ruwan zafi. A wajen gashin ne na lura ƙafar hagu sanyi ƙalau take, kamar an tsamo ta daga randa, ta dama kuwa da ɗuminta. Gashin ƙwaurin ma ya zube, fatar ta yi sheƙi. Na ce mu je asibiti. Ya ce bari a gama gasar da ake yi.

Yaya Alhaji, wato Alhaji Sani, shi ne uban gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma maganarsa ba a mayar da ita. Da ya ji labari ya zo da kansa, ya duba ƙafar, ya ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya yi ƙaho. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ya faɗa. Na riƙe wannan rana da kyau saboda abin da na sani daga baya. Aka yi ƙahon a bayan ƙafa da kan ƙafa. Tsagar da mutum mai lafiya zai warke cikin mako, ta Malam ta ƙi rufewa. Ta buɗe, ta fara ruwa, babban yatsa ya soma duhu.

Zuwanmu babban asibiti na farko, mun fita bayan sallar asuba, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Layin kati daban, layin awon jini daban, a bencin jira kuma babu mai tausaya wa wanda ba ya zubar da jini. Likitan bai ɗago kai sosai ba. Ya ce a auna suga. Aka auna, babu. Ya rubuta maganin ƙwayoyin cuta, ya ce a riƙa wanke ciwon, mu dawo bayan mako biyu. A cikin makonnin nan Malam ya daina iya kwanciya a miƙe. Sai ya sauko da ƙafar ƙasa daga bakin gado yake samun sauƙi. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya koma cizon matashi don kada yara su ji.

Ba mu cika mako biyun ba muka koma. Allah ya haɗa mu da wata likita, matashiya, da ba ta gaggawa. Ta lalubi bugun jini a kan ƙafar ta rasa, ta lalubi bayan gwiwa ta rasa. Sai hannunta ya kai kan ƙullutan nan na agara, ta tsaya. Ta duba yatsunsa, ta haska idonsa, ta nuna mini wani farin zobe da ya kewaye baƙin idon, wanda ni na ɗauka haka Allah ya yi shi. Ta tambayi shekarun mahaifinsa lokacin da ya rasu, da yadda ya rasu. Da Malam ya faɗa, ta ajiye biro.

Ta sa aka auna kitsen jini, wanda suke kira kolestarol. Da sakamako ya fito masu gwajin sun maimaita, don sun zaci na'urarsu ce ta samu matsala. Aka yi hoton jijiyoyin ƙafa a wani wuri na kuɗi a cikin gari, saboda na asibitin ya lalace. Bayaninta bai yi tsawo ba. Ta ce jijiyoyin da suke kai jini ƙafar sun toshe, kamar tsohon bututun ruwa da tsatsa ta cika. Malam ya ce shi fa ba mai cin maiƙo ba ne.

"Malam, wannan ba daga tukunya ya zo ba," in ji ta. "Gado ne. Da shi aka haife ka. Ƙullutan nan kitse ne ya taru a jijiya. Da shekara goma da suka wuce aka gano, ƙwaya ɗaya za ka riƙa sha kullum, da wataƙila yau kana fili."

Maganar shekara goman nan ta zauna mini a rai. A lokacin na ɗauka rashin sani ne ya cuce mu, na ce haka Allah ya ƙaddara.

Aka kwantar da shi. Makon farko aka yi ta ƙoƙarin ceto yatsan, bai yiwu ba, aka cire. Duk wanda bai yi jinya a ɗakin maza ba bai san abin da nake faɗa ba. Auduga kai za ka saya, safar hannu kai za ka saya, har ruwan wanke ciwo. In an ɗauke wuta sai ka kama fifita. Masu jinya muna shimfiɗa tabarmi a baranda, kowa da fulas ɗinsa da bokitinsa. Na koyi ɗaga namiji in sa masa fo ba tare da na kalli fuskarsa ba, domin in na kalla kunya take kama shi har ya kasa. Na koyi gane warin ciwo mai warkewa da na wanda yake ruɓa. Na Malam na biyun ne. Allurar kashe zafi kuwa wani lokaci babu a asibitin, sai in hau keke in bi shagunan magani, shi kuma yana can yana kiran sunan Allah.

Dangi sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Suna zuwa da farfesun ƙafar sa da naman kai, wai ya samu ƙarfi. In na ce likita ta hana, sai a ce na fiya iyayi, zan kashe mutum da yunwa. Wata daga cikin matan gidansu ta ce sammu ne, wani da Malam ya hana ci a fili ya sa masa hannu. Yaya Alhaji kan zo bayan la'asar, ya zauna a kujerar gefen gado, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce a yi haƙuri. Na gaya masa abin da likita ta ce, cewa ciwon na gado ne, ya kamata 'yan gidan su je a auna su. Ya ce likitocin yanzu komai gado suke cewa, kada in riƙa yawo da irin wannan magana.

A mako na uku duhun ya haura zuwa idon sawu. Likitan tiyata ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba dafin zai shiga jini. Sai da yamma Malam ya sa hannu a takarda. Aka ce a kawo masu ba da jini. Cikin 'yan'uwansa wani ya ce yana azumin nafila, wani ya ce bai jima da tashi daga zazzaɓi ba. Wanda ya ba da jini maƙwabcinmu ne, Baban Bitrus, mutumin kudancin Bauchi, Kirista, direba a sakatariya. Ya kawo ɗan cocinsu guda ma ya bayar. Matarsa, Maman Bitrus, ita ta riƙe mini Hanifa da ƙaninta Sadik duk tsawon zamanmu a asibiti. Ita take dafa wa Malam faten acca ba mai, ta kawo da kanta, ta ce, "Maman Hanifa, ka ci kai ma, in ka faɗi wa zai riƙe shi?" Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Allah ya saka musu da alheri, ya raya musu zuri'a.

Bayan an yi aikin ne na kira Kabiru. Shi ne ƙaraminsu, ya yi karatu a jami'ar da ke Gubi, ya samu tallafi ya tafi ƙasar waje, ya zama dokta amma ba na asibiti ba. A gida abin da aka sani kawai yana aikin ɓeraye, har Malam yana tsokanarsa da sarkin ɓera. Suna waya kusan kowane mako, hirarsu duk ta ƙwallo. Tun da aka kwanta yake turo taimako, amma Yaya Alhaji ya gaya masa ciwon daji ne na ƙafa da ya ƙi jin magani, Malam kuma ba mai son bayanin ciwonsa ba ne. Ni na ga ya dace in nuna masa takardar gwajin, ko zai san wani abu. Da hantsi na fita ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a harabar asibiti, na kira shi ta bidiyo, na ɗaga takardar.

Ya daɗe yana kallo. Sai na ga ya cire tabarau.

"Anti, wannan na Yaya Bashir ne? Ba a taɓa auna shi ba?"

Na ce wa zai auna shi, mutumin da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi.

"Yaya Alhaji ya ce mini an auna kowa. Ya ce shi kaɗai aka samu."

Ban gane ba, sai da ya faro daga farko. Ya ce aikin da yake yi a can, a kan wannan ciwon ne. Kitsen nan ba ya iya yawo a jini shi kaɗai, kamar yadda mai ba ya haɗuwa da ruwa, don haka akwai wasu sinadarai da suke ɗaukarsa kamar 'yan dako. Wasu su fito da shi daga hanta su kai wa jiki, wasu su kwaso ragowar su mayar. A jikin hanta akwai ƙofofin da suke karɓar kayan. Wanda ya gaji ciwon, da rabin ƙofofin aka haife shi, sai 'yan dakon su rasa inda za su sauke, su yi ta jibgewa a bangon jijiya shekara da shekaru. Su a wajen aikinsu ɓeraye suke samu waɗanda aka cire musu ƙwayar gadon da take gina ƙofar tun kafin a haife su. Cikin 'yan watanni jijiyoyinsu suke toshewa, sai a gwada magunguna a kansu, a ga wanne yake hana toshewar.

Ya ce shekararsa ta farko a can, yana alwala a bayan ɗakin gwaji, wata likita da suke aiki tare ta ga agararsa, ta sa aka auna shi. A ranar ya gane ciwon da yake sa wa ɓeraye shi ne a jikinsa, shi ne kuma ya kashe mahaifinsu. Aka ɗora shi a kan magani. Da ya zo hutu ya sami Yaya Alhaji a zaure, ya yi masa bayani, ya roƙe shi ya tara gida a auna kowa. Yaya Alhaji ya ce ya bar maganar a hannunsa, kada ya tayar wa mutane hankali, shi ne babba, shi zai san yadda zai faɗa. Daga baya Yaya Alhaji ya kira Kabiru ya ce an yi, Allah ya taƙaita, cikin na gida shi Yaya Alhajin kaɗai aka samu da ciwon. Tun daga lokacin Kabiru yake aiko masa da magani duk wanda zai zo gida.

Na tambaye shi shekara nawa ke nan. Ya ce kusan goma.

Na zauna a kan saiwar bishiyar. Kabiru yana kuka yana cewa in yafe masa. Na ce masa, "Kullum kuna waya da shi. Kun san wanda ya ci ƙwallo a ƙasashen da ba ku taɓa zuwa ba. Sau ɗaya ba ka ce, Yaya, me gwajinka ya nuna ba?" Ya ce a tarbiyyar gidansu in babba ya ce ya yi abu, ba a bin bayansa. Na kashe wayar.

Ranar da la'asar na tare Yaya Alhaji a baranda kafin ya shiga ɗaki. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, sannan na ce na yi magana da Kabiru. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ni mace ce, ban san nauyin riƙe gida ba. A lokacin yana da 'ya'ya mata da suka isa aure, ga na 'yan'uwa suna tasowa. In magana ta fita a Ƙofar Dumi cewa gidansu akwai ciwon gado mai kashe mutum yana tsaye, wa zai zo neman aure, wa zai ba 'ya'yansu maza mata? Ya ce rai da ajali a hannun Allah suke, babu ƙwayar da take ƙara wa mutum kwana.

"To Yaya," na ce, "kai me ya sa kake sha?"

Ya kalle ni kamar zai mare ni. Sai ya gyara babbar rigarsa, ya shiga ɗakin, ya zauna a kujerarsa ta kullum, ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ina jin muryarsa daga waje. Ban iya cewa amin ba.

Na yi kwanaki ina tunanin ko in gaya wa Malam. Mutum ne da bai gama sabawa da ganin zani a kwance inda ƙafarsa take ba. Wani lokaci ya kai hannu zai sosa yatsan da babu shi. Amma shi ya riga ni, ya ce ya ga na daina zama in Yaya ya shigo, in faɗa masa abin da ya faru. Na faɗa. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya juya ya fuskanci bango. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, gobe in kai Hanifa da Sadik a auna su. Ya ƙara da cewa in ta Allah ta kasance, kada Yaya Alhaji ya yi masa wanka. Daga ranar duk lokacin da yayan nasa ya zo, sai ya rufe ido kamar mai barci.

Sadik bai gada ba, alhamdu lillahi. Hanifa ta gada. Tana da shekara goma sha uku, likitar nan ta ɗora ta a kan magani, ta ce in an kiyaye za ta yi rayuwarta kamar kowa. Da na gaya wa Malam sai ya riƙe hannun yarinyar yana ba ta haƙuri, kamar shi ya zaɓa mata.

Aka sallame mu bayan damina ta ɗauke. Kututturen ƙafar ya warke, ya koyi tafiya da sanduna, har yana zama a ƙofar gida tsofaffin ɗalibansa suna zuwa gaishe shi. Na fara cewa mun tsira. Sai ƙirji ya fara. In ya taka daga ɗaki zuwa bayi sai ya ji kamar an ɗora masa buhu, zufa ta keto, ciwon ya sauka hannun hagu. Muka koma. Likitan zuciya sau ɗaya yake zama a mako, layinsa kuma sai ka yi rubutun suna tun ana sauran kwanaki. Da muka samu ganinsa ya ce abin da ya faru a ƙafa shi ne yake faruwa a jijiyoyin zuciya, kuma aikin buɗe su ba a yi a nan, sai Kano ko Abuja.

Muka sayar da filin da Malam ya saya a hanyar Gubi, inda yake cewa zai yi mana gini in ya yi ritaya. Na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinkina. Kabiru ya turo abin da ya fi namu duka. Malaman makarantarsu sun yi karo-karo, Allah ya biya su. Yaya Alhaji ma ya aiko ɗansa da kuɗi a cikin ambulan, Malam ya ce a mayar. Ni ban so a mayar ba, domin muna bukata, amma ban musa masa ba. Aka ba mu rana a Kano, sai aka ɗaga saboda wani abin aiki bai iso ba. Aka sake ba mu wata.

Ana saura 'yan kwanaki mu tafi, ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a tsakar gida ina yanke masa farce. Ya ce in ba shi ruwa. Na shiga na ɗebo, na fito na tarar kansa ya langaɓe a jikin bango, sandunan sun zame ƙasa. Baban Bitrus ya ɗauko mota, amma tun a hanya na san babu shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na faɗi wasiyyarsa. Na faɗa wa Gwaggo, na faɗa wa limamin unguwa ta bakin ƙanina. Aka ce zafin ciwo ne ya sa ya faɗa, ba a biye wa irin wannan. Yaya Alhaji ya shiga ya yi masa wanka, shi ya tsaya a sahun gaba, shi ya zauna a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, mutane suna yaba yadda ya tsaya wa ƙaninsa. Ina ciki ina ji.

Kabiru ya iso bayan an yi bakwai. Ya rame. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, Sadik ya dame shi sai ya nuna masa ɓerayen a waya. Na leƙa wayar ni ma. Ƙanana ne, baƙaƙe, cikin akwatunan roba masu tsabta, kowanne da lamba. Ya ce ɗakinsu ba a taɓa ɗauke wuta, sanyinsa ba ya hawa ba ya sauka. Akwai likitan dabbobi da yake duba su kowace safiya. In an yi wa ɗaya aiki ba a ba shi maganin kashe zafi ba, hukuma tana iya rufe wurin. Ya faɗa ne don ya amsa wa yaro, bai lura da ni ba sai da ya ga na tashi. Ban ji haushin ɓerayen ba, da irinsu aka gano maganin da 'yata take sha. Na dai tuna ranakun da nake yawo a keke ina neman allura.

Ranar sadakar arba'in matan dangi suka cika gidana. Bayan an yi addu'a na ce ina da magana. Na faɗi sunan ciwon, na faɗi alamominsa, na ce duk wadda ita ko mijinta ko ɗanta yake da jinin gidan nan ta je a auna. Ban ambaci Yaya Alhaji ba, amma babu wadda ba ta gane ba. Gwaggo ta ce in ji tsoron Allah, mai takaba ba ta tonon asiri. Wasu suka ɗauki mayafansu suka fita ba sallama.

Abin da Yaya Alhaji ya ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye ba. Magana ta zaga. Autarsa Murja an riga an kawo kayan sa ranarta, dangin yaron suka fara ja da baya, daga ƙarshe suka aiko a ba su kayansu. Tun daga nan babu wanda ya taka gidana daga Ƙofar Dumi. An aiko mini cewa na kashe wa yarinya aure, na ɓata sunan gidan da ya rufa mini asiri. Na ji zafin abin da ya sami Murja, domin yarinya ce mai ladabi, a hannuna ta koyi girki.

Makon da na fita takaba, da rana tsaka, na ji sallama. Murja ce, ita kaɗai, cikin dogon hijabi. Na shimfiɗa mata tabarma ina jiran zagi ko kuka. Ta gaishe ni, ta yi mini gaisuwar rashi karo na biyu, tana wasa da bakin hijabinta.

"Anti, wace ƙofa ake bi in za a yi gwajin? Ban gaya wa kowa zan zo ba."

Na ce ta zo gobe da sassafe, kada ta karya, zan raka ta. Muka je, muka bi layi tare. Ita ma ta gada. Da muka fito ta tsaya a bakin titi riƙe da takardar, ta tambaye ni ko da gaske ne babanta ya daɗe da sani. Na ce wannan tambayar shi za ta yi wa. Na tare mata keke.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In a gidanku maza ko mata suna faɗuwa tun ba su tsufa ba, in kana da ƙullutu a agara ko a gaɓar yatsa, ko farin zobe a ido tun kana matashi, ko ƙafarka tana ɗaurewa in ka yi tafiya ta sake ka in ka huta, je ka ce a auna maka kitsen jini. Ramarka ba hujja ba ce, gudunka ma ba hujja ba ne. Kada ka yarda a tsaga ƙafar da ta yi sanyi. In kuma an same ka da shi, ka faɗa wa 'yan'uwanka da bakinka, ɗaya bayan ɗaya, kada ka ba wani saƙo ko da shi ne babba.

Malamai sun yi mini nasiha, mahaifiyata ma ta yi, cewa in yafe don Allah ya yafe mini. Na san gaskiya suka faɗa. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, amma har yau da nake wannan rubutu ban yafe ba. Allah ya jiƙan Malam Bashir, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.